Ajiyar da Na Hana Hukuma Buɗewa

Na yi aiki a ɗakin kati na asibiti tun ina saurayi har furfura ta cika mini gemu. Aikin ba shi da wani kwarjini. Mu ne muke yanka wa marar lafiya kati, mu buɗe masa fayil, mu kai wa likita, mu karɓo, mu mayar da shi mazauninsa a kan kanta. Ranar da na kama aiki, shugaban sashenmu, wani dattijo mai tsananin tsari, ya tsayar da ni a tsakanin kantocin ya ce duk abin da idona ya gani a cikin waɗannan takardu, bakina ba shi da labarinsa. Ya ce in har na san ba zan iya ba, in koma gida tun da sauran safiya. Na zauna, kuma a kan wannan sharaɗi na ci abincina har na ajiye aiki.

Da na yi ritaya na dawo gida Rano, sai aikin ya biyo ni har zaure. Mutum zai dawo daga gwaji da takarda a hannu, rubutun likita ne kuma da Turanci, ya rasa wanda zai karanta masa ba tare da labarin ya riga shi isa gida ba. Sai a ce masa ya zo wurina. Daga Nariya ake zuwa, daga Unguwar Gai, har da Fulanin da suke zaune ta wajen Rurum Tsohon Gari. Ba ni da ikon rubuta magani, kuma ban taɓa yin wannan karambani ba. Abin da nake yi shi ne in ɗauki hoton takardar, in tura wa wani likita a Kano da muka yi aiki tare, shi kuma idan ya sami sarari ya aiko da saƙon murya ya bayyana abin da ya kamata a yi. Kowane mutum na buɗe masa fayil a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka da 'yata ta saya mini, da sunansa da garinsa da hotunan takardunsa da saƙonnin da muka yi musaya. Haka aka koya mini ajiye bayani, kuma har yanzu ban ga aibinsa ba.

Cikin masu fayil a wurina akwai wata mata, ƙanwar wani abokina na makaranta da ya rasu. Yaya take kirana. Ta ba ni izinin rubuta wannan labari bisa sharaɗin kada a gane ta, don haka na sauya wasu abubuwa game da ita, na bar abu ɗaya da labarin ba zai tsaya ba sai da shi: abinci take sayarwa. Shinkafa da wake da rana, da mai da yaji da salak, a wata rumfa mai benci. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma daga wannan tukunya suke ci, daga ita ake biya musu makaranta. Tana da wani ciwo wanda ko a nan ba zan faɗi sunansa ba. Ciwo ne da ake shan magani a rayu da shi har tsufa, ba ya bin abinci, ba ya bin kwano ko cokali, kuma duk likita ya san haka. Amma mutanenmu ba su yarda ba. Ranar da sunan ciwon ya fita tare da sunanta, ranar tukunyarta za ta wuni a cike, gobe ma haka, har ta daina ɗorawa. Saboda haka take zuwa wani asibiti mai nisa karɓar magani, ni kuma nake tuna mata lokaci, nake ajiye mata takardun da ba ta yarda su kwana a ɗakinta ba saboda yaran sun fara iya karatu.

A daminar da abin ya faru, wutar lantarki ta daɗe ba ta leƙo unguwarmu ba, batirin solata kuma ya mutu. Sai na koma kai kwamfutar wurin mai caji, kamar kowa. Rumfarsa tana kusa da tasha. Magidanci ne mai ƙarancin magana, yana da janareta da wani babban allon katako cike da soket, wayoyin rabin gari suna jere a kai kamar an shanya su. Tsarinsa ya burge ni tun ranar farko. Kati biyu yake yankawa masu lamba ɗaya, ya manna ɗaya a jikin wayar, ya ba mai ita ɗaya, kuma ba ya miƙa wa kowa waya sai da kati, ko da liman ne ya aiko. Na taɓa ce masa da a ɗakin kati ya yi aiki da ya kai babban matsayi.

Wata ranar kasuwa na kai kwamfutar da safe, na koma ɗauka bayan azahar. Na tarar da allon fayau, igiyoyin caji suna reto babu abin da ke maƙale da su, mutane sun yi cirko-cirko kowa da katinsa a hannu. Mai facin da ke maƙwabtaka da rumfar shi ya ba ni labari. Ruwa ya cinye wata kwalbati a hanyar Unguwar Gai, wani ya ɗauki bidiyonta ya sa a intanet, ya haɗa da zagin wani babba a gwamnati da zagin iyayensa. Babban ya kai ƙara. Jami'an tsaro suka bi sawun layin da aka tura bidiyon da shi, na'urarsu ta nuna musu wayar tana daidai wannan rumfa. Da suka zo suka ga wayoyi ba iyaka, ba su san wacce ba ce, sai suka kwashe duka suka zuba a buhu, suka haɗa da kwamfutata, suka tafi da mai cajin.

Ya kamata in faɗi matsayina a sarari. Ba na goyon bayan zagi, kuma wanda ya zagi iyayen wani ya yi abin kunya ko da kwalbati goma ce ta karye. Ban kuma ce hukuma ta daina bin sawun waya ba. Na san wani gidan makiyaya da aka sace musu mutum, da bin sawun waya aka gano inda aka ɓoye shi, na je na yi musu barka da bakina. Amma neman waya ɗaya daban, kwashe na gari guda daban. Mutum ɗaya ake zargi, sauranmu ba mu yi komai ba face neman caji.

Washegari da safe na je wurin mai shayi, a nan na ga abin da nake tsoro da idona. Akwai wani jami'i ɗan garinmu, magidanci mai tumbi da fara'a. Ba mugu ba ne, yana zuwa jana'iza, yana gaida manya, sai dai bakinsa ba ya riƙe komai. Na same shi a tsakiyar benci yana kwaikwayon muryar wani tsoho, yana karkarwa da ita, yana cewa, “Ɗana, ka dawo gida don Allah, na daina faɗan, uwarka ba ta barci.” Mutane suna ta dariya. Ba wanda bai gane muryar ba. Wani dattijon manomi ne da ɗansa ya yi fushi ya tafi kudu, saƙon da ya aika masa ne jami'in ya saurara a wayarsa, domin yawancin wayoyin tsofaffinmu ba su da makulli.

Na ajiye kofina na ce, “Da izinin wa ka saurari wannan saƙo?”

Ya ce, “Haba Baba, aiki ne fa. Sai mun duba kowace waya kafin mu gane ta mai laifin.”

Na ce, “Kawo shi teburin mai shayi ma aiki ne?”

Ya yi dariya ya ce, “Wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai dame shi?”

Na ce, “Gidanka yana da ƙofa?”

“Yana da ita mana.”

“Kayan sata kake ɓoyewa a ciki?”

Aka yi dariya, wannan karon shi ake yi wa. Bai ji haushi ba, ya goge baki ya ce, “Yawwa, Baba, ka ma tuna mini. Injin nan naka ya ƙi buɗuwa. Oga ya ce ka zo da lambobin sirrinka.”

Shayin bai ƙara shiga bakina ba. Wannan jami'i kullum a rumfar ƙanwar abokina yake cin abincin rana, kuma ita ce take kai wa ofishinsu abinci a kula. Fayil ɗinta yana nan a cikin kwamfutar da cikakken sunanta, da hoton takardar gwajin, da saƙon muryar da ta aiko mini ranar da aka fara faɗa mata, tana kuka. Na ga benci ɗaya, bakin nan ɗaya, muryarta ce kawai za ta maye gurbin ta tsohon.

Na koma gida na sa babbar riga da hula, na sha maganin hawan jinina, na gaya wa maiɗakina inda za ni, na tafi.

Shugaban ofishin baƙo ne a garinmu, dogo mai tabarau, mai magana a hankali. Buhun wayoyin yana gefe, an fito da wasu an jera a kan tebur, kwamfutata tana gabansa da katin mai caji manne a murfinta. Ya ba ni kujera, muka gaisa yadda ya kamata, sannan ya juyo da ita ya ce in buɗe.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ina takardar kotu?”

Ya ce, “Maganar tsaro ce, Malam. Minti kaɗan ne, mu duba mu ba ka kayanka.”

Na ce masa kundin tsarin mulkin ƙasar nan ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma idan hukuma tana da dalilin keta wannan, akwai alƙalin da aka ajiye domin ya auna dalilin. Na ce ba ni ake zargi ba, kwamfuta kuma ba ta da layin waya, caji kawai na kawo ta. Na ce idan alƙali ya sa hannu, ya fayyace abin da za a nema, zan buɗe da hannuna. Na yi bayanin a tsare, sashe bayan sashe, domin na shirya shi a hanya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, ba lacca na kira ka ka yi mini ba. Kowa ya zo ya buɗe tasa ya tafi. Kai kaɗai ka ƙi, kuma ƙin naka shi ne yake sa in yi tunanin akwai wani abu. Idan ka dage, sai in tura ka birni da kai da ita, can suna da masu buɗewa ba sai da kai ba. Je ka zauna a waje ka yi shawara da zuciyarka.”

Na fita na zauna a bencin baranda. Mai cajin yana can ƙarshen bencin, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya gan ni ya ce, “Malam, ka yafe ni. Kayan mutane a hannuna, aka kwashe ina kallo.” Na ce masa ba shi da laifi. Ya ce ya riga ya gaya musu tawa ko taɓa ta bai yi ba bayan ya jona ta, amma ba su rubuta ba. Mutane suna ta shiga da katinsu, suna fitowa da waya ko ba waya, kowa ya wuce sai ya ce, “Malam, ka ba su mana ka huta.” Hadari ya haɗo, aka yi ruwa, feshinsa yana jiƙa mini bakin riga.

Da ruwan ya tsagaita sai ga ƙanwar abokina da kulolin abincin ofishin, ta yafa mayafi a ka. Jami'in nan mai tumbi ya tare ta tun daga ƙofa.

“Hajiya, jiya wakenki ya yi kaɗan. Sai da na yi ta tono kamar mai neman allura.”

Ta ce, “Waken yana nan yadda yake, tumbin ne ya ƙaru. Karɓi naka ka ba ni wuri.”

“A ƙara mini yaji.”

“Matarka ta hana, ta ce da daddare kai kake hana unguwa barci.”

Ya karɓa yana ƙyaƙyatawa ya shige ciki. Ta raba sauran, sannan ta zo ta durƙusa a gabana ta buɗe wata ƙaramar kula da ban san ta zo da ita ba.

Ta ce, “Yaya, an ce ka ƙi ba su.”

Na ce, “An faɗi gaskiya.”

“An ce birni za a wuce da kai.”

“Haka aka gaya mini.”

Ta dubi ƙofa, ta rage murya ta ce, “Saboda ajiyata ne?”

Na ce, “Taki da ta wasu.”

Ta gyara cokali a kan abincin. Can ta ce, “To, ni dai tawa na yafe. Ka ba su. Kai da hawan jini, ga shekaru, ina za ka iya kwanan can? In ta kama in bar garin ne, sai in koma ƙauye in yi surfe. Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba.”

Na daɗe ina aiki da marasa lafiya, na ga masu haƙuri iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauko abincin 'ya'yansa ya miƙa domin wani tsoho ya kwana a gadonsa ba. Na ce, “Ƙanwata, ranar da kika ba ni, ba ki ce in riƙe sai ranar da riƙon ya yi wuya ba. Tashi ki koma rumfa, mutane suna jira.”

Ta ce, “Yaya, taurin kai.”

Na ce, “Shi aka ɗauke ni aiki in yi.”

Ta tashi ta tafi. Na raba abincin da mai caji.

Da la'asar ta yi, jami'an suka shimfiɗa tabarmi a barandar. Aka duba aka ga duk na girme su, sai shugaban ya yi mini nuni da hannu in shiga gaba. Haka na ja su salla, ni da ake tsare da ni, mai tumbin yana bayana daidai kafaɗata ta dama. Da muka sallame kowa ya watse, shugaban bai tashi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya matso kusa da ni a kan tabarmar.

Ya ce, “Malam, yanzu ba a tebur muke ba. Tsakaninka da Allah, me ke cikin injin nan?”

Duk abin da na tanada na doka na riga na faɗa da safe bai yi aiki ba. Kalmar da ta zo bakina ita ce wadda matar nan ta bari a kunnena. Na ce, “Ajiya ce, ranka ya daɗe.”

“Ajiyar me?”

“Takardun marasa lafiya. Mutane ne suka kawo mini abin da ba su gaya wa 'ya'yansu ba.”

“Su wane ne?”

Na ce, “Da zan iya faɗa maka, da ba ajiya ba ce. Kuma yau da safe na ji saƙon wani tsoho daga cikin buhun nan ana wasa da shi a teburin mai shayi.”

Fuskarsa ta canza. Bai tambaye ni wanda ya yi ba, ina jin ya sani. Sannan ya ce a gidansu, can garinsu, akwai rumbu guda a bayan ɗakin mahaifinsa wanda ba nasu ba. Masu tafiya ci-rani suke kawo hatsinsu su zuba, a liƙe bakin da laka, mai hatsin ya danna tafin hannunsa a kan lakar tun tana ɗanya. Ya ce wata shekara abinci ya yanke musu kafin kaka, suna yara suna kwana da yunwa, rumbun nan yana tsaye a cike, mahaifinsu ko kallonsa ba ya yi. Da masu shi suka dawo, kowa ya je ya ga tafinsa yadda ya bar shi.

Ya mayar da tabaransa ya ce, “Ba zan iya ba ka ita yau ba, an riga an rubuta ta cikin kayan da aka kama. Amma ba wanda zai buɗe ta. Zan rubuta a nemi takardar kotu. Idan ta zo, kai za ka buɗe, a gabana ni kaɗai, abin da takardar ta ce kawai za mu duba. Idan ba ta zo ba, ka ɗauki kayanka.”

Ya sa aka kawo kwali da salatif. A gabana aka sa kwamfutar a ciki aka naɗe ta ko'ina. Ya miƙo mini biro ya ce in danna tafina. Na sa hannu a kan kowace mahaɗa, rabin sa hannun a kan salatif, rabi a kan kwali, yadda ba za a ɓare ba tare da ya tsage ba. Sannan na nemi ya ba ni takardar shaidar cewa kayana suna hannunsa, da hatimi. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, kai ko a lahira sai ka nemi rasit.” Amma ya rubuta. Ya sa kwalin a kabad ɗinsa ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Kafin in fita na ji ya kira mai tumbin ciki, ya rufe ƙofa. Ban ji abin da aka faɗa ba, kuma ban tsaya saurare ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban sami natsuwa ba. Alkawarin mutum ɗaya ne ya tsaya tsakanin matar nan da bakin gari, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki ko a ba shi umarni daga sama. Kullum da rana sai in bi ta gaban rumfarta kamar mai wucewa, ba don in ci ba, don in ga bencin. Idan na ga direbobi da 'yan kasuwa sun cika shi suna miƙa kwano, sai in san maganar ba ta fita ba. Wata rana na tarar da bencin babu kowa, na tsaya cak a bakin titi. Ashe gawayi ne ya jiƙe, abincin bai nuna da wuri ba. Ta hango ni ta gane abin da ya tsayar da ni, ta ɗaga murfin tukunya ta nuna mini tururi.

Takardar kotu ba ta zo ba. Wanda ya ɗauki bidiyon, wani direba ne da motarsa ta faɗa ramin kwalbatin da kayan mutane, ya kai kansa da ya ga an tsare mai caji saboda shi. Dattawa suka shiga tsakani, ya ba da haƙuri a kan zagin, aka sake shi tare da mai cajin. Aka aiko in je. Shugaban ya fito da kwalin ya ajiye a kan tebur, na sa tabarau na bi kowace mahaɗa da yatsa, a gabansa, ban ji kunyar yin haka ba, shi ma bai nuna ya ji haushi ba. Kowane sa hannu yana nan a haɗe. Na mayar masa da takardarsa, na yi masa godiya irin wadda ban saba yi wa mai mulki ba.

Har yau ina gode masa, ina kuma yi wa mahaifinsa addu'a duk da ban san shi ba. Sai dai godiyar ba ta kashe mini fushi ba. Abin da doka ta ba ni a matsayin haƙƙi, sai da na same shi a matsayin alfarma, albarkacin wani rumbu da aka liƙe da laka a wani gari. Da wani ne a kujerar, wanda ba a yi wa wannan tarbiyya ba, da labarin ya sha bamban. Sauran wayoyin kuwa duk an buɗe su, ba takarda, ba sa hannu. Dattijon nan da aka kwaikwayi muryarsa ya daina zama a kasuwa, kuma an ce mini bai ƙara aika wa ɗansa saƙo ba. Ba wanda ya je ya ba shi haƙuri. Na je na gaishe shi, muka yi hirar taki da ruwan bana, ban ta da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Mai caji ya sake buɗe rumfarsa. Na zaci mutane za su guje shi, sai ga shi ranar farko allon ya cika, har da waɗanda suke da sola a gida suka kawo don ya san ba a riƙe shi da komai ba. Ni ma na kai tawa. A gida kuma na zauna na cire sunaye daga kowane fayil, na bar lambobi irin na ɗakin kati. Sunayen suna kaina, inda ba a zuba su a buhu.

Kwanan baya na je rumfarta na zauna cin abinci. Jami'in nan yana gefena, ya rage surutu amma bai daina ba. Ya dube ni ya ce, “Baba, don Allah yanzu da komai ya wuce, wai me ke cikin injin nan da har ka yarda a kai ka birni?”

Kafin in buɗe baki ta dangwara masa kwano a gaba ta ce, “Ci abincinka, ɗan sa ido. Ga waken, yau sai ka ƙirga.”

Ya sa hannu yana dariya. Ta zuba mini nawa, ta ɗora mini tsokar nama da ban ce a sa ba, ba ta dube ni ba ta juya ga mai biye. Layi ya kai bakin titi. Kafin a kira la'asar ina jin ƙarar ludayinta yana kankare gindin tukunya, tana ce wa wani direba da ya makara ya yi haƙuri, ya zo gobe da wuri.